Inabin da ke rina hannu: me ya sa ake noman Alicante Bouschet in har mahaɗi ne kawai?

"Malam, barka da aiki. Ina aikin tsinkar inabi a wata gona kusa da Almansa a ƙasar Sifaniya. Akwai wani iri da suke kira Garnacha Tintorera, in ka matse shi ruwansa ja wur yake fita, har hannu ya rine kwana da kwanaki, alhali sauran baƙaƙen inabin ruwansu fari ne. Mai gonar ya ce mini yawancinsa tanki ake kai shi a gauraya da wasu, wai kuma a Faransa ba a ɗauke shi a bakin komai ba. To in haka ne me ya sa ake ta shuka shi? Inabin banza ne, ko akwai abin da ban gane ba?"

Ɗan'uwa, sannu da aiki, Allah ya sa a gama kaka lafiya. Tambayarka, yadda na fahimce ta, gida biyu ce. Na farko, me ya raba wannan inabi da sauran har ruwansa ke fita ja tun daga gona. Na biyu, wanda na ga shi ya fi tsaya maka a rai, yaya manomi zai ba da ƙasarsa da guminsa ga irin da ake cewa mahaɗi ne kawai, wanda ba a cika ganin sunansa a gaban kwalba ba, har wasu suna yi masa kallon raini.

Inabin ba na banza ba ne. Iri ne mai wata baiwa guda da kasuwar giyar inabi ta daɗe tana nema ido rufe, wato launi, kuma baiwar ce ta ja masa baƙin jini, domin sama da shekara ɗari ana amfani da ita wajen rufa wa giya marar kyau asiri. Abin da mai gonarku ya faɗa gaskiya ne, sai dai rabin labarin ya ba ka. Ni aikina na gona ne da ɗakin awo, don haka zan fi tsayawa kan abin da ido da ma'auni ke nunawa. A sauran ƙasashe, ban da Sifaniya, sunan da aka fi sanin irin da shi shi ne Alicante Bouschet, zan riƙa ce masa Alicante don sauƙi.

Inda launin yake

Gobe in ka shiga gona, tsinko ƙwaya ɗaya ta wani baƙin inabi, kamar Monastrell ko Tempranillo, ka ɓare ɓawon da farce. Tsokar da ke ciki mai haske ce, tana ɗan kore-kore, ruwanta kuwa ba shi da launin kirki. Duk baƙin da kake gani a waje a cikin ɓawon nan siriri yake, wani sinadari ne da ake kira antosayanin. Shi ya sa mai yin jar giya ba ya matse inabi ya zubar da ɓawo. Sai ya farfasa 'ya'yan, ya bar ruwa da ɓawo tare a tanki na kwanaki ko makonni, yis yana cin sukari yana mai da shi barasa, zafi da barasar suna zuƙo launin daga ɓawo a hankali. In aka matse nan take aka raba su, farar giya za a samu daga baƙin inabi. Haka ake yi a yankin Champagne na Faransa da baƙaƙen inabin Pinot Noir da Meunier.

Alicante ya saɓa wa wannan tsari. Shi antosayanin ɗinsa yana cikin ɓawo, yana kuma cikin tsoka, don haka da zarar ƙwaya ta fashe jan ruwa ne ke fita. Irin inabin da ke da wannan hali ba su da yawa a duniya. Akwai Saperavi na ƙasar Jojiya, akwai Teinturier du Cher na tsakiyar Faransa, akwai Rubired da aka ƙirƙiro a Kalifoniya, da wasu 'yan kaɗan. Jan kuma ba a 'ya'ya kaɗai ya tsaya ba. In ka daɗe a wurin har sanyi ya fara shigowa, za ka iya nuna fegin Alicante tun daga bakin titi: ganyensa ya koma ja mai duhu kamar an zuba masa jini, gefen ganyen ya nannaɗe ya kalli ƙasa, yayin da maƙwabtansa suke yin rawaya.

Akwai wani hali na antosayanin da ya kamata ka riƙe, domin zai dawo mana a gaba. Launinsa yana bin tsamin abin da yake ciki. Inda tsami ya yi yawa ja ne mai haske, inda tsami ya ragu sai ya karkata zuwa shuɗi ya dushe. Hannunka ma zai nuna maka. In ka wanke shi da sabulu kai tsaye, sau da yawa tabon yakan koma shuɗi-shuɗi ko toka-toka ya ƙara fitowa, saboda sabulu kishiyar tsami ne. Fara goga lemon tsami, ka ɗauraye, sannan ka sa sabulun, za ka ga bambanci.

Daga ina ya fito

Yawancin shahararrun inabi ba wanda ya san ranar haihuwarsu, a gona suka haɗu da kansu. Alicante kuwa da gangan aka yi shi, kuma an san wanda ya yi shi. A shekarun 1820 wani manomi mai suna Louis Bouschet, a gonarsa ta La Calmette da ke Mauguio kusa da birnin Montpellier a kudancin Faransa, ya shiga haɗa irin inabi da hannunsa, yana ɗaukar garin furen wannan yana sa wa wancan. Damuwarsa a fili take. Inabin da ya cika yankinsu, Aramon, yana zuba 'ya'ya ba kaɗan ba, amma giyarsa fara-fara ce marar jiki. Teinturier du Cher kuwa yana da launi amma ba ya da auki. Da ya haɗa su ya samu iri da aka sa wa suna Petit Bouschet.

Ɗansa Henri Bouschet ya ɗora daga inda uban ya tsaya. Ya haɗa Petit Bouschet da Grenache, wanda mutanen Sifaniya ke kira Garnacha, a tsakiyar ƙarni na 19. Shekarar da littattafai suka fi ambata ita ce 1866. Abin da ya fito shi ne inabin da ke hannunka. Ka ga ke nan Garnacha Tintorera ba wani nau'in Garnacha ba ne da ya rikiɗe, ɗansa ne. Daga Grenache ya gaji son zafi da tara sukari, daga ɗaya ɓangaren ya gaji jan tsoka da yawan haihuwa. Ni aikin mutanen nan biyu yana burge ni ƙwarai, domin sun yi shi a lokacin da duniya ba ta ma san dokokin gadon halitta da masanin kimiyya Mendel ya gano ba. Haƙuri da lura ne kawai jarinsu, ga shi kuringar inabi sai ta yi shekaru kafin ka ga abin da ka shuka.

Wani abu da ya taimaki Alicante daga baya shi ne, iyayensa da kakanninsa duka inabin Turai ne na asali, babu jinin inabin daji na Amurka a jikinsa. Da hukumomin Turai suka zo suna takura wa irin da aka haɗa da na Amurka, shi bai shiga cikinsu ba.

Yadda sunansa ya ɓaci

Alicante ya zo duniya daidai lokacin da bala'i ya sauka. A 1863 aka fara ganin kuringogi suna bushewa a kudancin Faransa, daga baya aka gano wani ɗan ƙwaro ne da ya zo daga Amurka, filoksera, yake tsotse saiwa. Kafin ƙarshen ƙarnin ya cinye mafi yawan gonakin inabin ƙasar, ya tsallaka sauran Turai. Maganin da aka tsaya a kai shi ne a yi wa inabin Turai aure da saiwar inabin Amurka, wadda ƙwaron ba ya iya kashewa. Wannan yana nufin a tumɓuke komai a sake shuka daga farko, da bashi a wuya.

Manomin da ya ci bashi ba zai shuka irin da ke ba da kaɗan ba. A yankin Languedoc na kudancin Faransa mutane suka sauko daga gangaren duwatsu zuwa kwari mai albarka, suka cika shi da Aramon da Carignan. Jirgin ƙasa ya riga ya iso yankin, yana kwasar giya zuwa Faris da garuruwan masana'antu na arewa, inda ma'aikata ke shanta kullum kamar abinci. Yawa ake nema. Amma giyar da ta fito daga kuringar da aka ɗora wa kaya fiye da ƙima ba ta da launi, ba ta da ƙarfi, mai saye kuma da ido yake fara ciniki. Nan Alicante ya samu aiki. Ɗan kaɗan daga cikinsa yana mai da tanki guda baƙi wuluk. Aka shuka shi a Languedoc, aka shuka shi a Aljeriya da Faransa ke mulka a lokacin, inda jiragen ruwa ke kawo giya mai kauri zuwa tashar Sète a gauraya da ta gida. Haka a Galisiya ta arewa maso yammacin Sifaniya, bayan filoksera yana cikin irin da suka maye gurbin tsofaffin inabin yankin.

Daga gyara launi zuwa algus taki ɗaya ne. In kana da abin da zai ɓoye fari, to za ka iya ƙara ruwa, ka ƙara sukari, ka sake tsima ɓawon da aka riga aka matse, ka sayar a matsayin giya. Kasuwa ta cika ta batse, farashi ya faɗi ƙasa warwas, har a 1907 manoman Languedoc suka yi bore ƙarƙashin jagorancin Marcelin Albert na ƙauyen Argeliers. A watan Yuni na shekarar dubban ɗaruruwan mutane suka taru a Montpellier, a Narbonne kuma sojoji suka harbe mutane. Ba Alicante ne ya haddasa boren ba, kukan manoman a kan sukari da ruwa da 'yan kasuwa masu algus yake, amma a zuciyar Bafaranshe sunan inabin ya haɗu da wancan zamani na giyar talaka mai arha, bai kuma rabu da shi ba har yau.

Sai labari ya sake maimaita kansa a Amurka, ta wata hanya dabam. Daga Janairun 1920 zuwa Disambar 1933 an haramta yi da sayar da barasa a ƙasar. Amma dokar ta bar wata kafa: magidanci na iya matse 'ya'yan itace a gidansa har galan 200 a shekara, kusan lita 750, don amfanin iyalinsa. Baƙin da suka yi hijira daga Italiya da sauran kudancin Turai suka shiga sayen ɗanyen inabi, jiragen ƙasa suna ɗauko shi daga Kalifoniya zuwa New York da Chicago, tafiyar kwanaki. Inabi mai laushin ɓawo kafin ya isa ya ruɓe. Alicante mai kaurin ɓawo yana isa lafiya, ga shi in an matse shi sau ɗaya, a ƙara ruwa da sukari a kan tukar, a sake samun jan abu karo na biyu. Farashinsa ya haura na inabin da suka fi shi daraja, manoma suka tumɓuke irin kirki suka shuka shi. Da aka janye dokar, sai aka wayi gari da gonaki cike da irin da aka zaɓa saboda juriyar hanya, masu yin giyar Kalifoniya kuma suka ɗauki shekaru suna zaginsa.

A Faransa ƙarshen zamaninsa ya zo a hankali. Aljeriya ta samu 'yanci a 1962, cinikin gauraya ya fara mutuwa. Shan giyar yau da kullum ya ragu ƙwarai: a shekarun 1960 abin da Bafaranshe ke sha a shekara ya haura lita 100, yau bai kai rabin haka ba. Hukumar Turai ta riƙa biyan manoma su tumɓuke kuringa, musamman daga ƙarshen shekarun 1980, kuma dokokin yawancin yankuna masu suna a Faransa ba su sa Alicante cikin irin da aka yarda da su ba. Wannan shi ne asalin maganar da mai gonarku ya gaya maka. Yau Sifaniya ce ta fi kowace ƙasa noman sa, yankin da kake aiki kuma yana tsakiyar abin.

Mene ne aikin mahaɗi

Mutane da yawa suna ɗauka cewa giyar da aka yi da iri ɗaya ita ce ta gaske, gaurayayya kuwa ta biyu ce. Ba haka ba ne. Manyan giyar Bordeaux ta Faransa gauraye ne, haka na Rioja ta Sifaniya da yawa, haka na kudancin kwarin Rhône a Faransa. Kowane iri yana da abin da ya fi da abin da ya rasa. Wani yana da ƙamshi ba shi da jiki, wani yana da bauri da yawa, wato sinadarin tanin da ke ɗaure baki, wani yana riƙe tsami ko da rana ta yi zafi. Aikin mai haɗi shi ne ya cike giɓin wannan da rarar wancan. Mahaɗi nagari ba ya buƙatar ya iya komai, abu ɗaya ake so ya iya sosai.

Ga yadda abin ke gudana a ɗakin awo bayan giya ta gama tsima. Ana jera kofunan gilashi a kan farar takarda. Na farko giyar da ake son gyarawa ce zalla, a ce Garnacha ce mai ƙamshi amma launinta ya yi haske. A na biyu a auna kashi 2 cikin ɗari na Alicante da bututun awo, na uku kashi 5, na huɗu kashi 10, haka har sama. Ka karkata kofin a kan takardar ka dubi bakin ruwan. A kofi na farko kana iya karanta rubutu ta cikinsa. Kafin ka kai na huɗu rubutun ya ɓace, bakin ruwan ya koma shunayya. Daga nan mu masu awo mukan sa samfurin a na'urar da ke auna hasken da ruwa ke shanyewa a launuka uku, wato rawaya da ja da shuɗi, mu tara su mu samu adadin ƙarfin launi. A kasuwar giyar tanki wannan adadi yana cikin abin da ake ciniki a kansa, tare da ƙarfin barasa. Shi ya sa inabinku ba ya rasa mai saye, kuma wannan kaɗai ya isa ya amsa maka dalilin da ya sa manomi ke shuka shi.

Abin da na sha gani a irin wannan gwaji shi ne, akwai inda in aka wuce, riba ta koma hasara. Launi yana ci gaba da ƙaruwa, amma masu ɗanɗano sai su ce ƙamshin giyar asali ya toshe, ta yi nauyi, ta rasa kamanninta. Kuma launin da aka zuba ba dole ne ya zauna ba. Antosayanin shi kaɗai ba ya daɗewa. Sai ya samu tanin ya ɗaure da shi sannan ya tabbata, in ba haka ba cikin shekara ɗaya ko biyu wani ya lalace, wani ya kwanta a gindin kwalba. In tsamin giyar ya yi ƙasa, kamar yadda yake faruwa a shekarun zafi, jan ya dushe ya karkata shuɗi, daidai da abin da sabulu ke yi a hannunka. Sinadarin salfa da ake sawa don kare giya shi ma yana kashe wani ɓangare na launin. Don haka wanda ya ɗauko giya marar jiki ya zuba mata Alicante marar jiki, ya samu baƙin ruwa na ɗan lokaci ne kawai. Rini ba ya gyara saƙa.

A nan nake raba gauraya gida biyu, kuma ina da ra'ayi mai ƙarfi a kai. Akwai wadda ake yi don a cika abu mai kyau da ya rasa ɓangare guda, wannan sana'a ce mai mutunci. Akwai wadda ake yi don mai saye ya ga duhu ya zaci inganci, wannan yaudara ce ko da doka ta ƙyale ta. Duhun launi ba ma'aunin kyau ba ne. Pinot Noir da Nebbiolo da Garnacha kanta haske ne halinsu, kuma suna cikin inabin da aka fi girmamawa a duniya. Duk wanda ya rina su don ya burge ido ya ɓata su.

Batun rashin ganin sunansa a kwalba kuwa, doka ce ta ba da dama. A Tarayyar Turai in ka rubuta sunan iri ɗaya a takardar kwalba, ana buƙatar kashi 85 cikin ɗari na giyar ya zama daga wannan irin. A dokar tarayyar Amurka kashi 75 ne. Ragowar kana iya cika shi da wani iri ba tare da ka ambace shi ba. Kashi 15 kuwa ya fi ƙarfin abin da ake buƙata daga Alicante. Saboda haka yana cikin kwalabe masu yawan gaske da ke ɗauke da sunan wasu. Wani ɓangare na jan inabi irin wannan ma ba ya zama giya sam, ana dafa ruwan a kaurara shi a sayar wa masu yin lemon kwalba da kayan zaƙi don launi.

Abin da yake iya zama in an riƙe shi da kyau

Hukuncin da Faransa da Kalifoniya suka yanke wa Alicante an yanke shi ne a kan kuringar da aka ɗora wa kaya. Irin yana da haihuwa. A ƙasa mai taki da ban ruwa, in aka bar masa idanu da yawa lokacin datsa rassa, hekta ɗaya tana iya ba da sama da lita 10,000, wani lokaci nesa da haka. Ganyen kuringa ɗaya ba zai iya ciyar da wannan kaya ba. Sukari zai taru daidai gwargwado, launi zai zo domin shi a jininsa yake, amma ƙamshi da tanin mai kyau ba za su zo ba. Irin nan dai, in aka dasa shi a busasshiyar ƙasa marar ƙarfi, aka datse shi gajere, aka riƙe shi a lita 3,000 zuwa 4,000, wani abu ne dabam.

Mutanen Fotugal ne suka fara nuna wa duniya haka. A yankin Alentejo mai tsananin zafi, iyalin Reynolds, waɗanda asalinsu 'yan Ingila ne masu cinikin ɓawon itacen da ake yin murfin kwalba da shi, suna noman Alicante a gonar Mouchão tun ƙarshen ƙarni na 19. Har yau a can da ƙafa ake tattake inabin a cikin kwarmin dutse, a ajiye giyar shekaru a manyan gangunan katako kafin a sa a kwalba, kuma Alicante ne ƙashin bayanta. Bayan juyin juya halin 1974 an ƙwace gonar, aka mayar wa iyalin a tsakiyar shekarun 1980. Giyar wurin tana cikin waɗanda aka fi daraja a Fotugal, tana kuma daɗewa shekaru masu yawa a kwalba ba ta lalace ba. A Alentejo gaba ɗaya yanzu ba a ɓoye sunan Alicante, ana rubuta shi a gaba, ko shi kaɗai ko tare da Aragonez da Trincadeira. A Kalifoniya ma tsofaffin gonakin da suka tsira, irin su Pagani Ranch a kwarin Sonoma, inda Alicante ke tsaye a cakuɗe da Zinfandel da Petite Sirah, yanzu ana neman inabinsu.

Almansa tana da abin da irin ke so. Tana kan tudu, mita 700 zuwa sama, ƙasar tana da farar ƙasa, ruwan sama kaɗan ne, rana tana da zafi amma dare yana yin sanyi. Sanyin daren nan shi ke riƙe tsami a cikin 'ya'ya, tsami kuma, kamar yadda muka gani, shi ke riƙe launi da rai. Garnacha Tintorera ce babban irin yankin tare da Monastrell, kuma akwai masu yin giya a wurin da ke sa ta a kwalba da sunanta.

A gona yana da wahalhalunsa. Yana tohowa da wuri, don haka sanyin da ke daskarar da raɓa a farkon bazara yana iya ƙone sabon toho. Funfunar da ke kama bayan ganye a shekara mai damshi tana damunsa, haka cututtukan da ke shiga itace ta inda aka datsa. Amma tarkon da na fi ganin mutane suna faɗawa shi ne na lokacin tsinka. Da yake launi yana zuwa masa da wuri, ido yana cewa ya nuna tun bai nuna ba. Wanda ya saba da sauran inabi yakan murza ƙwaya, in ya ga ɓawo ya saki ja sai ya ce lokaci ya yi. A Alicante wannan alama ba ta da amfani. Sai an auna sukari da tsami, sannan a fasa ƙwaya a dubi ƙwallayen ciki. In suna kore, suna manne da tsoka, to baurinsu mai ɗaci ne kuma zai shiga giyar. In sun koma ruwan ƙasa, suna rabuwa da tsoka cikin sauƙi, suna ƙaras a haƙori, an kai. A tanki kuma ba a buƙatar a daɗe ana jiƙa ɓawo ko a matse shi da ƙarfi don neman launi, tunda launin ya riga ya fito. Tsawon jiƙon ya dogara ne ga irin tanin da ake so.

Ban ga gonarku ba, kuma daga nesa ba zan iya ce maka inabinta na wane aji ne ba. Amma kai da ke tsaye a cikinta kana iya ganewa. Dubi yadda kuringar take: in gajeru ne a tsaye kowace ita kaɗai ba waya, kututturensu ya yi kauri saboda tsufa, an ba su tazara mai faɗi, babu bututun ban ruwa, kowace tana ɗauke da gungu kaɗan masu ƙananan 'ya'ya, wannan inabi ne da zai iya tsayawa da sunansa. In kuwa an ja su a kan waya layi-layi, bututu yana ɗiga a gindinsu, gungu manya sun yi cunkus har suna danne juna, an yi su ne don nauyi da launi, tanki kuma shi ne inda aka nufa da su tun ranar dashe. Dubi kuma yadda ake kwashe su. Wanda aka tsinka da sanyin safiya aka jera a ƙananan akwatuna don kada ya fashe, an san inda za shi. Wanda aka juye a tirela ya yi ta zubar da jan ruwa a hanya, shi ma haka. Sau da yawa gona ɗaya tana da duka biyun, mai ita yana biyan ma'aikata da kuɗin gida daga fegin ban ruwa, yana ajiye tsohon fegin don ƙaramin kason da ake saye da tsada. Tambayi mai gonarku ko ana raba inabin tsofaffin kuringa da na sababbi a wurin awo, da kuma ko ana ƙara masa kuɗi a kan launi.